Sarrafa jeri a JavaScript: inda aka fi yin tuntuɓe

Jeri, wato array, ƙirgarsa daga 0 take farawa, don haka a jeri mai abu 5, na ƙarshe yana lamba 4. Da push ake ƙara abu a ƙarshe, pop kuma ya cire shi. A farkon jeri aikin unshift da shift ne, sai dai sun fi nauyi domin dole lambar kowane abu ta canza.

Ka kula da slice da splice, sunansu kawai ya yi kama. slice(1, 3) yana kwafo abu mai lamba 1 da mai lamba 2, bai taɓa asalin jerin ba. Shi kuwa splice(1, 3) abu 3 zai cire daga asalin, farawa daga lamba 1.

Babban tarko shi ne sort, mai tsara abubuwan jeri bi da bi. Ba shi [10, 9, 1], ya dawo maka da [1, 10, 9], saboda kallon rubutu yake wa lambobi. Maganinsa sort((a, b) => a - b). Kuma asalin jerin yake juyawa. In kana son a bar shi yadda yake, toSorted na ES2023, wato sigar JavaScript ta 2023, ya fi.

Idan indexOf, mai nemo lambar abu a jeri, bai sami abu ba, -1 yake bayarwa. Duba wannan tukuna kafin ka miƙa wa splice, in ba haka ba abu na ƙarshe zai share.