Yadda zaka gane ko ya dace ka mayar da sabobin reshe VM in an zo canjin injina

Duk wanda yake kula da kwamfutocin kamfani mai rassa ya san wannan rigimar. Sabar da ke reshe ta shekara bakwai ko takwas, fankarta na ƙara kamar injin markaɗe, garanti ya ƙare tun tuni, Windows Server 2012 R2 ɗin da ke kai kuma Microsoft ta daina fitar masa da gyara tun 10 ga Oktoba 2023, na 2016 ma Janairun 2027 zai bi sahu. Oga ya sa hannu a sayo sababbi, sai tambayar ta taso: a sayo inji a ɗora Windows kai tsaye kamar yadda aka saba, ko a sa haifabaiza a zuba sabobin a ciki a matsayin VM?

Ga wanda bai saba da maganar ba, abin kamar gidan haya ne. Injin ƙarfen shi ne gidan, haifabaiza shi ne mai gida da ke raba ɗakuna da wuta da ruwa, kowace VM kuma, wato kwamfutar da manhaja ta ƙirƙira a cikin injin, ɗan haya ce da ke zaune a ɗakinta tana ganin kamar ita kaɗai ce a gidan. Ni dai ra'ayina tun farko in faɗa maka, kusan ko yaushe amsar ita ce a sa haifabaiza, ko da kuwa ɗan haya ɗaya tal zaka sa. Amma ba don dalilin da ake bayarwa a hedikwata ba, wai a rage yawan injina. A reshe dalilin shi ne ranar da injin ya mutu kana Kano shi kuma yana garin da sai ka yi awa biyar a mota, kuma mutum ɗaya da ke wurin da zai iya taɓa shi shi ne akawu, VM kuwa zaka iya tada kwafinta a wani injin daga nesa.

Matakin farko, kafin ka kira dila ya turo farashi, ka zauna ka rubuta abin da sabar reshen take yi a zahiri, ba abin da aka rubuta a takarda shekara takwas da suka wuce ba. Zaka sha mamaki. Wani reshen duk aikinta raba adireshin IP da riƙe firinta biyu da wata folda da ake kira "janaral" wadda rabinta hotunan biki ne. Irin wannan reshe ba VM yake buƙata ba, saba ma baya buƙata, rauta mai kyau ta isa ta raba adireshi, fayiloli su koma OneDrive ko ƙaramin NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ke kan netwok, shi ke nan ka huta. Wanda zaka tsaya a kai shi ne reshen da in intanet ta yanke dole aiki ya ci gaba, wato akwai manhajar sayarwa ko ta sito ko ta rajistar marasa lafiya mai databes a nan cikin ginin, ga kuma shiga kwamfuta da ke buƙatar domen kwantirola, wato sabar da ke tantance suna da kalmar sirrin ma'aikata.

Na biyu ka auna. Kar ka yi kintace. Ka kunna Performance Monitor a tsohuwar sabar ya ɗauki lissafin furosesa da ram da karatu da rubutun diski na sati biyu aƙalla, kuma ka tabbata ƙarshen wata ya faɗo a ciki don lokacin ne 'yan akawun ke matsa mata. Yawanci zaka tarar furosesa barci take yi, ram da diski su ne ke wahala. Wannan zai hana dila ya sayar maka da inji mai furosesa biyu da baka buƙata, wanda ban da tsadarsa zai ƙara maka kuɗin lasisi, zan zo kan wannan.

Na uku, ka nemo abubuwan da basa son zaman haya. Dongul ɗin lasisi na USB, ɗan makullin da ake soka wa kwamfuta don manhaja ta yarda an biya kuɗinta, shi ne na gaba a layi, tsofaffin manhajojin akawun da na asibiti da yawa basa tashi sai sun ga dongul ɗinsu. A cikin haifabaizoji ukun da zan yi magana a kansu, Proxmox da ESXi na kamfanin VMware suna iya miƙa USB kai tsaye ga VM, Hyper-V kuwa baya yin haka kai tsaye ga sabar da ke aiki a bango, sai ka sayi ɗan akwatin da ke ɗora USB a kan netwok. Akwai katin layin waya na tsohuwar PBX, wato na'urar raba layukan wayar ofis, akwai sikeli ko na'urar ɗaukar yatsa mai tsohuwar siriyal. Na'urar rikodin kyamarori kuma ka barta a akwatinta, rubutu take yi dare da rana, in ka haɗa ta ɗaki ɗaya da databes zata hana shi numfashi. Sannan ka kira masu manhajar ka tambaye su a rubuce ko suna tallafa wa wanda ya sa kayansu a VM, don kar ranar matsala su ce ai laifinka ne.

To yanzu zaɓen mai gida, nan ne magana ta canza sosai a 'yan shekarun nan. Da can in aka ce reshe, VMware kowa ke nufa, har suna da lasisi na musamman na rassa da ake kira ROBO, ana sayen fakitin VM 25 a rarraba wa rassa. Broadcom ta kammala sayen VMware a Nuwamba 2023, aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma biyan kuɗi shekara shekara, a Fabrairu 2024 aka cire ESXi na kyauta, sannan a Afrilu 2025 aka dawo da shi. Kaga wanda yake biya da dala yana karɓar naira dole ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗaura rassa goma a kan abin da farashinsa ke hannun wani. Kuma na kyautan manhajojin bakof basa iya aiki da shi yadda ya kamata, wanda a wurina wannan kaɗai ya fitar da shi daga lissafi.

Saura biyu. In duk kayanka Windows ne, Hyper-V ya riga ya zo cikin abin da zaka saya. Lasisin Windows Server Standard ɗaya yana baka damar VM biyu na Windows, da sharaɗin ka biya wa duka kwas ɗin injin, wato ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin furosesa, mafi ƙaranci 16, kuma Windows ɗin da ke kan ƙarfen ba abin da yake yi sai riƙe Hyper-V. Wato da kuɗin da da zaka ɗora saba ɗaya, ka samu biyu: domen kwantirola a ɗaki ɗaya, manhaja da fayiloli a ɗaya. In kana son na uku da na huɗu sai ka sake biyan lasisin duka kwas ɗin, shi ya sa nace kar ka yarda a cusa maka furosesa mai kwas 32 a reshen mutum goma sha biyar. Proxmox VE kuma na wani kamfani ne a Biyana ta ƙasar Ostiriya, tun 2008 yake, a kan Linux irin Debian aka gina shi da KVM, wato haifabaizan Linux, kyauta ne sai in kana son biyan tallafi, ana sarrafa shi ta burauza, kuma tun fitowar 8.2 a 2024 yana da hanyar jawo VM daga ESXi kai tsaye. Amma ka sani lasisin Windows ɗin da ke cikinsa yana nan a wuyanka, kyautar bata shafe shi ba. Wanne zaka ɗauka? Wanda kai da abokin aikinka kuka iya gyarawa da ƙarfe biyun dare. Kuma ka yi iri ɗaya a duka rassa, kar Gusau ta zama Proxmox Azare ta zama Hyper-V don kawai kana son gwaji.

Sayen injin kansa ba dogon zance bane. Furosesa ɗaya, ram mai ECC, wato mai gyara kuskure da kanta, giga 64 in da hali don 32 zata cika da wuri, SSD biyu irin na saba a madubin juna wato RAID 1, fawa sufulai biyu. In ZFS zaka yi a Proxmox, wato tsarin fayil mai yin madubin da kansa, kar ka sa katin RAID a tsakani, yana son ya ga diskin da idonsa. Abin da bazan taɓa yarda a cire daga lissafi ba shi ne iDRAC in Dell ce, ko iLO in HPE ce, kuma da lasisin da ke buɗe allon nesa, wato Enterprise a Dell, Advanced a HPE. Wannan ɗan katin ko injin a kashe yake, muddin akwai wuta a jikinsa, zaka kunna shi ka shiga BIOS ka ga abin da ke allon daga inda kake zaune. Na taɓa yin tafiyar yini guda don danna F1 kawai, wlh tun daga ranar ban sake sa hannu a takardar sayen sabar reshe babu shi ba. Sai dai kar ka buɗe shi ga intanet, ka bi ta VPN, in da hali ma ka ajiye ƙaramar rauta mai sim na wani layin daban saboda ranar da babban layin ya faɗi.

Wani zai ce ai in gidan ya rushe duk 'yan haya sun kwana a waje, gara a yi kilasta mai inji biyu, wato in ɗaya ya mutu ɗayan ya karɓi aikin. Gaskiya ne, amma ka lissafa. Inji biyu basa iya yanke hukuncin waye ke raye in suka daina jin juna, sai da na uku mai raba gardama, a Proxmox ko Raspberry Pi zai iya wannan aikin, a Windows folda ce ko sheda a gajimare. Ga lasisi ninki biyu, ga wuta ninki biyu, ga ƙarin abin da zai lalace a wurin da babu mai gyara. Yawancin rassa abin da ya fi musu shi ne inji ɗaya mai kyau, da wata ƙaramar kwamfuta a gefe mai haifabaiza iri ɗaya da ake tura mata kwafi. Hyper-V Replica yana tura canji duk sakan 30 ko minti 5 ko 15, in babban ya mutu ka tada kwafin daga nesa, a yi aiki a hankali har sabon kaya ya iso.

Sai wuta da zafi, wanda a wurinmu su ne ke kashe saba ba tsufa ba. VM biyar a inji ɗaya na nufin ɗaukewar wuta ɗaya zata iya lalata databes da domen a lokaci guda. Ka sa UPS irin onlayin, wato wanda kullum ta cikinsa wuta ke bi kafin ta kai injin, ba ƙaramin na tebur ba, don canji tsakanin wutar gari da janareto da inbata duk ta kansa zai bi, kuma ka haɗa shi da injin ta USB ko netwok da manhajar NUT ko PowerChute yadda in batir ya kusa ƙarewa zai sa kowace VM ta rufe kanta cikin mutunci. A BIOS ka saita injin ya tashi da kansa in wuta ta dawo, a haifabaiza ka jera tashi: domen kwantirola farko, a jira minti biyu, sai databes, sai manhaja. Yawancin sabobi an yi su ne su yi aiki har digiri 35, mu kuma a watan Afrilu ana haura 40 a inuwa, to sito mara taga da ake kashe wa AC ƙarfe biyar ba wurin ajiye ta bane. Ƙurar hunturu ma a sa wani ya riƙa share matattarar iska.

Wani tarko da ke kama mutane: kar ka sa shiga haifabaizan ya dogara da domen kwantirolan da ke zaune a cikinsa, ka ajiye asusun admin na gida da kalmar sirrinsa a wuri mai tsaro. In ɗakin sabar ba shi da makulli na kirki ka yi RODC, wato kwantirola mai karatu kawai, tun Windows Server 2008 aka kawo shi saboda rassa, ko an sace injin ba a tafi da kalmomin sirrin kamfani duka ba. Agogo kuma ka kula da shi, in bambancin agogon kwamfuta da na domen kwantirola ya wuce minti 5, Kerberos, tsarin tantance masu shiga, zai hana mutane shiga.

Bakof shi ne ribar abin gaba ɗaya, don VM fayil ce, ana ɗaukarta ɗungurungum a tada ta a wani injin ko da ba iri ɗaya bane. Sinafshot, wato hoton yadda VM take a wani lokaci, ba bakof bane fa, a diski ɗaya yake zaune da abin da yake karewa, kuma in ka manta shi wata uku zai cinye maka wuri. Ka yi da Veeam, suna da na kyauta har inji 10, ko Proxmox Backup Server. Kwafi ɗaya a reshe a wani akwati daban, ɗaya a hedikwata ko gajimare. Amma ka yi lissafin layinka tukuna: giga 200 a kan layi mai megabit 10 kusan awa 44 ne ba tsayawa, don haka kwafin farko a diski zaka ɗauko shi a mota, daga nan canjin kullum kawai ke bi ta waya, giga 5 awa ɗaya da 'yan mintuna, cikin dare ya wuce. Haka lissafin yake in zaka dawo da shi, shi ya sa kwafin da ke cikin reshen ba a wasa da shi. Starlink ta shigo Najeriya a Janairun 2023 ta sauƙaƙa wa rassa da yawa, amma saurin turawa bai kai na saukewa ba, ka gwada naka ka gani.

Ranar ƙaura kuma, ka haɗa komai a hedikwata ka bar shi yana aiki sati guda, ka zare masa wuta da gangan ka ga ko zai tashi shi kaɗai, sannan ka ɗora a mota. Domen kwantirola kar ka kwafe tsohon, ka gina sabo ya ja bayanai sannan ka sauke tsohon. Tsohuwar manhajar da babu wanda ya san yadda aka girka ta ita ce zaka ɗauka da Disk2vhd ko Clonezilla, in Proxmox ne ka tuna da direbobin VirtIO kafin Windows ya gaishe ka da shuɗin allo, kuma wasu lasisin zasu nemi a sake kunna su tunda sun ga inji ya canza, to lambar masu manhajar ta kasance a hannunka. Ka fara da reshe mafi kusa, ranar Asabar, ba ƙarshen wata ba. Ka manna takarda a jikin kowace waya da kowane maɓalli, ka ɗauki hoton gaba da bayan injin a wayarka don ranar da zaka ce wa akawu "Malam, dan Allah duba min fitila ta biyu daga hagu, kore ce ko ruwan lemo?" Tsohuwar sabar ka kashe ta ka barta a wurin sati biyu, kafin su cika ka tada VM ɗaya daga bakof a kan ƙaramar kwamfutar gefe ka rubuta minti nawa ta ɗauka, in ta tashi lafiya sai ka goge diskin tsohuwar ka wuce reshe na gaba.