Idan Sabar ta Biyu ta Daina Karɓar Kwafi a PostgreSQL

Duk wanda ya kira ni ya ce sabar PostgreSQL ɗinsa ta biyu, wadda ke riƙe kwafin rumbun bayanai, ta tsaya cak, ba ta karɓar komai daga babbar sabar, abin da nake fara gaya masa shi ne ya ɗauke hannunsa daga pg_basebackup, manhajar da ke kwafo dukan bayanan babbar, tukuna. Sake kwafo bayanai daga tushe na iya cin yini guda, kuma in hanyar ce ta lalace, sabon kwafin ma a nan zai maƙale.

Ka fara tambayar babbar ko tana ganin 'yar uwarta: `select * from pg_stat_replication;`. In ba ta fito da layi ko ɗaya ba, haɗin ya yanke. Sai ka koma ta biyun ka buɗe fayil ɗin log, a nan ne dalilin yake a rubuce.

In ka ga `Connection refused`, saƙonka ya isa, sai dai babu mai sauraro a ƙofa mai lamba 5432, wadda PostgreSQL ke amfani da ita. Galibi an bar saitin listen_addresses na babbar ne a localhost yadda ya zo, wato kanta kaɗai take saurara, kuma `ss -tlnp` zai nuna maka. In ka gyara, sai ka kashe PostgreSQL ka sake kunnawa kafin ya ɗauka. In kuwa `timed out` ka gani, wani abu ne a tsakani yake haɗiye saƙon: katangar tsaro, ko VPN da ya faɗi lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta bai sake tashi ba. Ka gwada `nc -zv adireshi 5432` daga kan sabar ta biyun ita kanta, ba daga laftof ɗinka ba. Amsar ping kaɗai ba hujja ba ce, katanga na iya barin ping ya wuce ta toshe 5432.

Wanda ya fi ɓata wa mutane lokaci a banza shi ne `no pg_hba.conf entry for replication connection`. Nan hanya lafiya lau take. A pg_hba.conf na babbar, fayil ɗin da ke cewa wa aka yarda ya shigo, kalmar all a gurbin sunan rumbun bayanai ba ta haɗa da irin wannan kwafin ba, dole ka rubuta replication ɓaro-ɓaro. Ka kuma duba adireshin da saƙon ya ambata, don in akwai NAT a tsakani, wato rauta na musanya adireshin da nasa, adireshin rauta ne babbar take gani.

Mai wuyar ganewa kuwa shi ne wanda haɗin ke tafiya daidai da safe, amma da aiki ya yi nauyi sai ya daskare, bayan daƙiƙa 60 babbar ta yanke shi da `replication timeout`. Ni a nan MTU nake fara zargi, wato iyakar girman ƙunshin bayanai da hanya ke iya ɗauka. Ethernet na ɗaukar ƙunshi mai bayit 1500, VPN ɗin WireGuard kuwa 1420 yake zuwa da shi, to in an toshe saƙonnin ICMP da ke gaya wa sabar ta rage girman ƙunshi, ƙanana za su wuce, manya su ɓace ba labari. Ka gwada `ping -M do -s 1472 adireshi`. Da bayit 28 na kan ƙunshin, ya cika 1500 ke nan. In bai wuce ba, ka riƙa rage lambar har ya wuce, sannan ka ƙara mata bayit 28 ɗin nan, ka daidaita MTU na ɓangarorin biyu da jimillar. Wasu sai su ƙara wal_sender_timeout, saitin daƙiƙa 60 ɗin nan, kawai su ce sun gyara. Rufa-rufa ce.

Bayan hanya ta dawo, kana iya cin karo da `requested WAL segment has already been removed`. Ma'ana babbar ta riga ta share sashen WAL, wato rajistar sauye-sauyen da take tura wa ta biyun, wanda ta biyun ba ta karɓa ba, kuma in ba ka da ma'ajiyar WAL, yanzu ne pg_basebackup ya wajaba. Replication slot, wanda ke sa babbar ta riƙe WAL har sai ta biyun ta karɓa, na hana hakan, amma yana ta tara WAL har faifan babbar ya cika in yankewar ta daɗe. Tun daga PostgreSQL 13 na 2020 akwai max_slot_wal_keep_size, ka sa masa iyaka daidai da sararin da faifanka zai iya ɗauka.