In kana jin kira, ga yadda za ka yi ziyarar ibada

In zuciyarka ta daɗe tana maka zancen zama fada, wato limamin Katolika, ko shiga ƙungiyar zuhudu, kar ka tafi ziyara kamar ɗan yawon buɗe ido. Tun kafin ka tashi nemi fadan da ka yarda da shi ka gaya masa komai, har tsoron da kake ɓoyewa. A hanya rage danna waya, riƙe ɗan littafi, kullum da dare rubuta abin da ya taɓa ka. In Nazarat ka je, daure ka zauna shiru a cocin da ake tuna amsar Maryamu ga mala'ika Jibra'ilu, hoto ya jira. Kuma in ka dawo ka amsa kiran da eh, a Katolika mai shiga zuhudu sai ya yi aƙalla wata 12 yana koyo kafin ya ɗauki alkawarin farko na zama ɗan ƙungiyar.