Yadda za ka gano waƙar diramar Japan da ta maƙale maka a kai

Wato kana cikin Keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci waƙar nan tana ta yawo a kanka amma ba ka san sunanta ba ko? To ga dabara. Da farko kar ka yi saurin tsallake ƙarshen fim ɗin, nan ne suke rubuta sunan mawaƙi, kalmar da za ka nema ita ce shudaika, ma'ana waƙar shirin. Dakatar da bidiyon ka ɗauki hoton rubutun, Google Lens zai karanta maka, ba sai ka iya Japananci ba.

In ka ga wannan wahala ce, kunna Shazam, manhajar gano waƙa, a wayar ƙaninka ka kara ta kusa da sifika, amma fa ka bari sai 'yan wasan sun yi shiru, surutu na rikita shi.

Sanin tasha ma yana taimakawa sosai, NHK ta Japan na da diramar safe tun 1961, yanzu minti 15 take yi, Fuji TV kuma ta yi suna da ta Litinin ƙarfe 9 na dare. Haɗa sunan shirin da shekararsa da shudaika a YouTube. Ni dai na safen sun fi min daɗi wallahi.