Yadda za ka amsa gwajin hali a jarrabawar ɗaukar aiki

Matasanmu na ƙauyukan Ringim, Gumel da Kazaure idan an kira su jarrabawar ɗaukar aiki ta kwamfuta, lissafi da Turanci suke haddacewa. Amma wasu ma'aikatu, musamman bankuna da ƙungiyoyin agaji, suna ƙara wani sashe na gwajin hali, kuma a nan na ga masu ƙoƙari suna zubewa.

Da farko, hannunka ya saba da maus, wato abin da ake danna zaɓi da shi a kwamfuta. Je kafe, shagon da ake hayar kwamfuta, ka biya awa biyu ko uku kana dannawa, kana kallon agogon da ke gefen allo. Latsa waya ba zai wadatar ba. Kuɗin kafen bai kai asarar kuɗin mota zuwa Dutse ka dawo hannu rabbana ba.

Sai gwajin halin kansa. Za a ba ka magana kamar "ina jin daɗin aiki cikin jama'a", da zaɓi biyar, daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam". Yawancin irin wannan gwaji abu biyar yake aunawa: tsari da cika alkawari, shiga jama'a, sauƙin kai, natsuwa a lokacin matsi, da son koyon sabon abu.

Mun taso da kunya da kawaici, yabon kai abin ƙi ne a wurinmu. Sai yaro ya yi ta danna zaɓin tsakiya daga farko har ƙarshe don kada ya zama mai cika baki. Wanda zai duba sakamakon bai san tarbiyyar gidanku ba, abin da zai gani shi ne mutumin da ba shi da matsaya. In kai ne kake riƙe kuɗin adashin 'yan majalisarku ba a taɓa jin kanku ba, to danna "na yarda sosai" a kan riƙon amana. Gaskiya ka faɗa.

Kada kuma ka zama waliyyi. Magana irin "ban taɓa yin fushi ba" an sa ta ne don gane masu gyara kansu. Sannan tambaya ɗaya takan dawo a juye can gaba: ɗazu "ina gama aiki a kan lokaci", yanzu "nakan bar aiki sai ya ƙure". In amsoshinka suka ci karo, an daina yarda da sauran. Dokata ita ce, karanta sau biyu saboda kalmomin korewa na Turanci, ka amsa da halinka na ranar aiki, ka wuce.

Inda aka ba ka labarin matsala a ofis, ka guji amsar yin shiru da ta ɗaukar hukunci kai kaɗai. Ka tafi da silif ɗinka na jarrabawa da katin NIN, ka kwana a garin da za a yi ta in akwai ɗan'uwa, kuma kada ka ba kowa kuɗi don ya rubuta maka.