Yadda ake zana taswirar lantarkin zuciya daga saman fata ga mai ciwon AF

A ciwon da likitoci ke kira AF, ɗakunan zuciya biyu na sama ba sa bugawa, sai dai su yi ta karkarwa, lantarkinsu na kai komo sau 350 zuwa 600 a minti. Awon lantarkin zuciya na yau da kullum (ECG), mai wayoyi 10, zai nuna maka ciwon, amma ba zai nuna inda rikicin ke tasowa ba. Dabarar ECGI, wadda Yoram Rudy da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Amurka, ita ce ke ƙoƙarin cike wannan giɓi ba tare da an zura waya cikin jijiya ba. A 2014 ƙungiyar Michel Haïssaguerre ta Bodo a Faransa ta wallafa yadda ta yi amfani da ita wajen neman wuraren da ke rura AF mai daɗewa.

Kayan aikin uku ne: riga irin falmaran mai ƙwayoyin ɗaukar sigina (ta kamfanin CardioInsight tana da 252), na'urar hoton CT, da kwamfutar da ke haɗa bayanan biyu.

A fara da fata, domin nan aka fi yin asara. A aske gashin ƙirji da na baya, a goge maiƙo da gumi, a bari fatar ta bushe. A zaɓi rigar daidai jikin majinyaci. Wadda ta yi yawa takan bar rata a ƙarƙashin hammata da tsakanin kafaɗu, alhali ƙwayoyin baya su ne suka fi kusa da ɗakin hagu na sama, inda yawancin matsalar take. Bayan an manna, a duba siginar kowace ƙwaya a allo. Wadda ke tsalle ko ta kwanta shiru a danna ta, a ƙara mata man awo; in ta ƙi, a cire ta daga lissafi. Ƙwayoyi kaɗan a warwatse ba komai, amma idan yanki guda ya mutu gaba ɗaya, a sake sa rigar. Wutar lantarki mai juyi 50 a sakan takan shiga sigina, don haka a nisanta wayoyin gado da caja.

Daga nan a ɗauki hoton CT da rigar a jiki, yawanci ba sai an yi allurar rini ba. Hoton ya kama dukkan ƙwayoyin, daga wuya zuwa ƙasan haƙarƙari. Ka'ida ɗaya ce a nan: kada rigar ta motsa tsakanin hoto da awo, kuma lokacin awo majinyaci ya kwanta yadda ya kwanta a na'urar CT. Ɗaga hannuwa sama ko cika huhu da iska yana sauya matsayin zuciya, kwamfuta kuwa za ta yi lissafinta a kan wurin da zuciyar ta riga ta bari. A cikin hoton ake shata iyakar ɗakunan biyu da hannu, a yi wa jijiyoyin huhu huɗu masu kawo jini ɗakin hagu alama, da ƙofofin mitiral da tirikasfid da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, da 'yar jakar da ke gefen ɗakin hagu. Ga masu AF da ya samo asali daga lalacewar ƙofar mitiral bayan zazzaɓin rumatik, wanda har yanzu ake gani da yawa a asibitocinmu, ɗakin hagu yakan yi girma ƙwarai, shatar na bukatar haƙuri.

Wahalar gaske tana wajen ɗaukar siginar. Lantarkin ɗakunan sama ƙarami ne, bugun ɗakunan ƙasa yana danne shi. Saboda haka ake tsintar gurabe inda tazarar bugu biyu ta kai sakan 1 ko fiye, a yanki abin da ke tsakanin ƙarshen T da farkon QRS na gaba (a zanen ECG, QRS shi ne alamar bugun ɗakunan ƙasa, T kuma alamar komawarsu hutu). Ana tara irin waɗannan gutsattsari har su kai kusan sakan 9. Idan zuciya na gudu, likita kan ba da maganin diltiyazem ta jijiya don ta sassauta. Ba a ba da shi ga mai raunin tsokar zuciya, ko wanda ƙarfin bugun jininsa (BP) ya yi ƙasa, ko mai ƙarin hanyar lantarki ta WPW. Maganin adinosin ma yana buɗe tazara, sai dai yana sauya halin AF ɗin da ake son aunawa, kuma bai dace da mai asma ba.

Kwamfuta sai ta yi lissafi a juye: daga abin da ya iso fata ta ƙiyasta abin da ya faru a bangon zuciya. Ƙaramin kuskure a fata yana zama babba a taswira, shi ya sa ake tausasa lissafin da dabarar Tikhonov, wadda ke rage hayaniya amma kuma tana dushe ƙananan bayanai. Taswirar kan nuna abu biyu: wuraren da lantarki ke kewaya kansa kamar guguwa, da wuraren da yake ɓullowa daga ɗigo guda ya bazu. Kewayen ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan yi 'yan zagaye ya ɓace ya dawo. Abin lura shi ne yankin da ya yi ta komawa a gutsattsari daban-daban, kada a dogara da gani ɗaya.

A yi hattara da kewayen ƙarya. Tace sigina fiye da kima yana iya mai da igiyoyi biyu da suka wuce juna su zama kamar kewaye. Ragowar T da ba a yanke da kyau ba ma haka. Duk wurin da ake zargi, a koma a duba ɗanyen siginar da ke zagaye da shi, a ga ko da gaske yana bin juna daki-daki. Bangon da ya raba ɗakunan biyu ba ya fitowa sosai, kuma ƙiba tana raunana sigina.

A ganinmu wannan taswira jagora ce ga mai shirin ƙona tushen ciwon da kateta (siririyar wayar da ake zurawa ta jijiya har cikin zuciya), musamman a AF mai daɗewa ko wanda ya dawo bayan aikin farko. Killace bakin jijiyoyin huhu ta hanyar ƙona kewayensu, jijiyoyin da aka gano muhimmancinsu tun 1998, shi ne har yanzu ginshiƙin aikin, kuma duk inda taswira ta nuna sai an tabbatar da kateta kafin a ƙona. Maganin tsinka jini kuwa ana ci gaba da shi gwargwadon haɗarin shanyewar jiki, ko me taswirar ta nuna.