Yadda ake zaɓar manhajar matse fayiloli a kwamfuta

Na sha ganin masu koyon kwamfuta suna tambayar wace manhaja ce ta fi matse fayil ya ƙanƙance, alhali abin da ya kamata su fara tambaya shi ne wanda zai buɗe ƙunshin, wato fayil ɗin da manhajar ke fitarwa bayan matsi, da kuma irin na'urar da ke hannunsa. Ƙunshin da ya yi ƙanƙanta amma ya ƙi buɗuwa a wurin wanda aka aika wa bai biya buƙatar kowa ba, don haka daga nan za mu fara.

Mataki na farko shi ne ka tantance inda ƙunshin zai je. Idan wani za ka aika wa, ka tsaya a kan ZIP. Phil Katz ne ya fito da wannan tsari a 1989, kuma yau Windows da macOS duk suna buɗe shi ba tare da an ɗora wata manhaja ba. Tsarin 7z ya fi shi matsewa, musamman a kan takardun rubutu masu yawa, kuma Windows 11 ta fara buɗe 7z da RAR da kanta tun 2023, amma ba ka da tabbacin cewa ita ce a kan kwamfutar mutumin. Ƙa'idata ita ce ZIP don aikawa, 7z ko RAR don ajiyar kaina.

Mataki na biyu, ka duba abin da za ka matse kafin ka sa rai. Hotunan JPEG da bidiyon MP4 da sautin MP3 an riga an matse su tun lokacin da aka samar da su, haka ma takardun Word da Excel na zamani, waɗanda a cikinsu ZIP ne. Wanda ya zuba bidiyon gigabait biyu a manhaja, ya zaɓi matsi mafi tsanani, ya zauna yana jira, zai tarar girman bai ragu da wani abin kirki ba, sai ya ɗora wa manhajar laifin da ba nata ba. Irin waɗannan fayiloli haɗa su wuri guda kawai ake yi, a zaɓi matsi mafi sauƙi ko ma a ce kada a matse.

Mataki na uku shi ne zaɓen manhajar kanta. Ga mafi yawan masu Windows, 7-Zip ta wadatar. Igor Pavlov ya fara fitar da ita a 1999, kyauta ce, ba ta da talla, tana haɗa ZIP da 7z, tana kuma buɗe RAR duk da cewa ba ta iya haɗa shi. WinRAR, wadda Eugene Roshal ya ƙirƙiro tsarinta na RAR, ta kuɗi ce: kwana 40 ake bayarwa na gwaji, kuma ci gaba da aikin da take yi bayan wa'adin ba ya nufin ta zama kyauta. Masu Mac suna da Keka, wanda kuma yake ganin fuskar 7-Zip ta yi masa tsufa zai iya gwada PeaZip. Ko wacce ka zaɓa, daga shafin masu ita za ka sauke, domin shafukan da ke tara manhajoji sukan cusa wasu abubuwan da ba ka nema ba. Guda ɗaya ta isa, biyu idan ajiya mai tsawo kake yi, kuma dalilin na biyun ne zan daɗe a kansa.

Mataki na huɗu, inda ni kaina na yi asara, shi ne gwada ƙunshi kafin a goge asali. Akwai wani salon matsi da 7-Zip ke amfani da shi a tsarin 7z idan ba ka canja ba, wanda a cikinsa ake dunƙule fayiloli da yawa a matse su tamkar abu guda. Shi ya sa girman yake raguwa sosai, amma kuma idan wuri ɗaya ya lalace, fayilolin da suka biyo bayansa a cikin wannan dunƙulen sukan tafi tare da shi. Na taɓa tattara takardun aikina na shekaru, na matse su a haka, na raba ƙunshin gida-gida, na kwafa a filashi, sannan na goge na kan kwamfuta don in sami wuri. Bayan wasu watanni na zo buɗewa, layin nan mai nuna ci gaban aiki ya kai wajen rabi ya tsaya, manhajar ta ce akwai kuskure a bayanan. Ina ganin sunayen takardun a jere, kowanne da girmansa da ranarsa, amma da yawa daga cikinsu ba su fito ba har yau.

Abin da ya kamata in yi ba ya cin lokaci mai yawa. Bayan an kwafi ƙunshi zuwa inda zai zauna, a danna shi da maɓallin dama, a zaɓi umarnin gwaji, wanda manhajojin ke rubutawa Test, a jira har ta ce babu kuskure. Kwafin da ke kan filashin ake gwadawa, domin sau da yawa a wajen kwafa ne ɓarnar ke shiga. Sannan a ajiye wani kwafin a wata na'ura dabam. A nan ne kuɗin WinRAR ke da amfani, saboda tana iya ƙara wa ƙunshin RAR wasu bayanan gyara da ake dawo da ɓangaren da ya lalace da su, abin da tsarin 7z ba shi da shi. Ni nakan ware kashi 5 cikin ɗari na girman ƙunshin don wannan. Wanda ba zai saya ba, ya kashe salon dunƙulewar a 7-Zip, ya haƙura da ɗan ƙarin girman.

Mataki na biyar, kalmar sirri. Ka zaɓi tsarin kulle bayanai na AES-256, ka guji tsohon tsarin ZipCrypto, wanda an daɗe da sanin rauninsa. Ka sani kuma cewa ZIP mai kalmar sirri ba ya ɓoye sunayen fayilolin da ke ciki, 7z da RAR ne ke da zaɓin rufe har sunayen. Kalmar da ka manta babu kamfanin da zai dawo maka da ita, don haka ka rubuta ta a wuri amintacce, kuma kada ka aika ta cikin saƙon da ke ɗauke da ƙunshin.

Raba ƙunshi gida-gida sai da dalili, kamar filashi mai tsarin FAT32 da ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4, ko Gmail da ke tsayawa a megabait 25. Dole dukkan gidajen su kasance a jaka ɗaya, kuma na farkon ake buɗewa.

Saura sabuntawa. WinRAR da 7-Zip ba sa sabunta kansu, kuma a 2023 an gano wata kafa a WinRAR da masu kutse suka yi amfani da ita, aka toshe ta a siga ta 6.23. Ka buɗe manhajarka yau ka duba lambar sigarta, idan ta tsufa ka sauke sabuwa ka ɗora a kanta.